Mutumin da Ya Zauna a Kan Santsi

Ƙarfe shida da rabi na safe Ishen Baike yake sauka daga ƙaramar bas a bakin kasuwa, ko da rani ne ko dusar ƙanƙara ta rufe Bishkek, ya ƙarasa gidan rawa da ƙafa. Mabuɗin ɗakin koyo na sama yana wuyansa, a jikin igiyar takalmi. In ya shiga ba ya fara kunna fitila. Takalminsa yake cirewa, ya saura da safa, sannan ya bi katakon ɗakin layi-layi yana jan ƙafa a hankali. Kan ƙusar da ta ɗago yake nema, da sartse, da ɗigon mai, da ƙarfen ɗaure gashi da wata yarinya ta yar jiya. Ya ce ido yakan tsallake ƙusa, tafin ƙafa ba ya tsallakewa. Bayan nan sai ya ɗauko tsohuwar butarsa mai rariya a baki, ya yayyafa wa katakon ruwa yana kewaya hannu. In ruwan ya yi kaɗan katako ya yi santsi. In ya yi yawa ma ya yi santsi. A ɗan tsakanin nan ya yi shekara arba'in da ɗaya.

Ƙarshen watan nan zai ajiye aiki. Na karanta littattafai da yawa a kan rawar bale, wadda ake yi a kan tsinin yatsun ƙafa, har da waɗanda suka sa ni kuka a cikin bas mutane suna kallona. Sun yabi masu rawa, sun yabi masu kiɗa, wani ma ya ɓata shafi goma a kan masu ɗinkin riguna. Ban ga wanda ya ambaci mutumin da ke kula da abin da ake takawa ba. Alhali yarinya in ta miƙe a kan tsinin yatsunta, cikin takalmin nan mai taurin baki, abin da ke haɗa ta da duniya bai fi bakin cokalin shayi ba. Duk shekarun da ta yi tana koyo, da kukan da ta sha, da begen uwarta, a kan ɗan wurin nan suke tsaye. Shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Ƙarfe takwas saura kwata ake jin ƙarar sanda a kan matakala. Burul Eje ce, malamar 'yan mata, tana hawowa da ƙafarta ta dama da ba ta lanƙwasuwa. Takan tsaya a bakin ƙofa yara na bayanta, ta ce, "Mai buta, ka gama yi wa katakon naka wanka, ko mu jira ka sa masa kwalli?"

"Ki bari ya sha, Eje. Minti biyar."

"Minti biyar ɗin nan naka tun ina da ƙafa biyu nake jin sa."

Yara su yi dariya. Shi bai taɓa yi ba, kuma manyan gidan sun san dalili. Shekara talatin da biyu da suka wuce Burul ce tauraruwar gidan. Wata safiya yana cikin yayyafi aka kira shi a waya, aka ce matarsa tana naƙuda. Ya ajiye buta a ƙasa ya ruga. Butar tana ɗan yoyo. Burul ta yi tsalle ta sauka a kan ruwan da ya taru, kuma waɗanda suke ɗakin sun ce har yau suna jin ƙarar da gwiwarta ta yi. Ranar aka haifa masa 'ya, ranar Burul ta daina rawa. Ba ta taɓa kai ƙararsa ba, ita ce ma ta hana a kore shi. Amma matarsa ta gaya mini cewa har yanzu in suna zaune yana shan shayi, cokali ya faɗi a kan daɓe, sai ya zabura ya miƙe tsaye.

Tsoro ne ya mayar da shi abin da ya zama, ba na jin kunyar faɗa. In an fara darasi yakan zauna a baranda da shayinsa da gutsuren gurasa, bayansa a jikin bango, yana saurare. Ya san kowane yaro da ƙarar saukarsa. A bazarar bara ya tare Burul Eje a matakala ya ce, "Yarinyar nan 'yar Narin, Sezim, tana sauka da nauyi a hagu. Yau kwana uku."

Sezim shekararta sha tara. Tun tana 'yar shekara goma aka kawo ta daga ƙauye da akwati ɗaya da ƙullin busasshen cuku, kuma a daidai lokacin ne aka fara ba ta rawar gaba. Ta rantse lafiyarta ƙalau. Ta yi kuka, ta ce tsohon nan so yake a ba wata wurinta. Aka kai ta gun likita, sai ga tsagewa a ɗan ƙashin tafin ƙafa. Likita ya ce da ta ƙara mako ɗaya a kai da ya karye. Ta yi mako shida a zaune, kuma a mako shidan nan ba ta gaishe shi ba ko sau ɗaya. Ita da kanta ta gaya mini haka, tana rufe fuska da tafin hannu.

Kai ne mai kunnen da ya fi madubi gani, Baike. Kai ne ka yarda yarinya ta tsane ka wata ɗaya da rabi don ta yi tafiya da ƙafarta shekara sittin.

A kaka sai ga takardar gayyata daga wani bikin al'adu a Kochi, can kudancin Indiya a bakin teku, inda yawancin masu zuwa kallo ba su taɓa ganin bale ido da ido ba. Mutum sha huɗu za su yi rawa. Wasan guda ne, minti hamsin ba a rufe labule, labarin wata yarinya da ke jiran makiyayan dawaki su sauko daga tsauni, kuma Sezim ce yarinyar. Ni ban je ba. Mutum uku suka ba ni labarin, Burul Eje da Sezim da shugaban ƙungiyar, Emilbek, kuma inda suka saɓa na ɗauki maganar Eje.

Suna da shimfiɗar roba da suke tafiya da ita su rufe duk dandamalin da suka samu. Ta fi mutum biyar nauyi, jirgi ba zai ɗauka a kayan fasinja ba. Emilbek ya ce a bar ta.

Ishen Baike ya ce, "Ba na son katakon da ban taɓa takawa ba."

"Baike, ga hoto sun turo. Dubi nan. Yana ƙyalli kamar ruwan tafki."

"Ƙyallin ne ba na so."

Emilbek ya so ya bar Ishen Baike shi ma, tunda ba shimfiɗar da zai shimfiɗa. Burul Eje ta buga sandarta a ƙasa ta ce in mai buta bai je ba, 'ya'yanta ba sa zuwa ko'ina. Haka ya shiga jirgi karo na farko a rayuwarsa, ya riƙe hannun kujera tun daga tashi har sauka.

Jirginsu ya makara, saboda haka sai a safiyar ranar wasa suka ga zauren, ƙarfe tara, wasa kuwa ƙarfe biyar da rabi na yamma. Mai kula da zauren wani dattijo ne siriri mai suna Kunjappan, ya tare su da fararen furanni yana murmushi har kunne. Wata likita 'yar garin da ta yi karatu a nan Bishkek ita ke yi musu tafinta. Ta ce dattijon ya ce tun da ya ji manyan baƙi na zuwa daga ƙasar ƙanƙara, kwana uku shi da mutanensa suna goge dandamali da kaki da man kwakwa, don kada a ce garinsu bai san darajar baƙo ba. Ya ja labule. Fitilun sama duka suna kwance a cikin katakon, ana iya ƙirga su.

Yara suka yi ta sha'awa. Sezim ta ce da ta juya ta dubi Ishen Baike sai ta ga leɓensa ya yi fari.

Ya cire takalmi ya taka da safa. Taku biyu ya yi, ƙafar ta tafi ta bar shi, ya kama labule. Ya tsaya yana numfashi. Kunjappan bai gane ba, don masu rawar garinsu ba sa sa takalmi, tafin ƙafa tsirara yake kama katako ko da mai. Ishen Baike ya miƙa wa Sezim hannu ya ce ta ba shi takalmin rawarta guda. Ya zura hannunsa a ciki, ya kafa tsinin a kan katako, ya ɗan danna. Takalmin ya kuɓuce ya sulale har wancan gefen dandamali ya bugi bango. Ba a buƙaci tafinta ba. Murmushin dattijon ya tafi, ya ɗora hannu biyu a ka. Ishen Baike ya je ya sauke masa hannayen ya riƙe su, ya ce wa likitar, "Ki gaya masa ban taɓa ganin aiki mai kyau irin wannan ba. Ki gaya masa kuma yanzu ni da shi za mu lalata shi."

Emilbek ya ce, "A barbaɗa garin ƙaro mana, ba shi kuke sa wa takalma ba?"

"Ƙaro a kan kaki dunƙulewa yake. Nan ya kama, can ya sake. Gara santsin da aka sani."

"Baike, mutum ɗari takwas ne za su zo. An gayyato yaran makarantu. In muka fasa, ba wanda zai ƙara kiran mu ko'ina."

"To a ba ni ruwan zafi da sabulun gari, kuma a fitar mini da yaran nan daga nan."

Don yaran sun riga sun fara naɗe wanduna za su taya shi. Ya kore su duka. Ya ce gwiwar da za ta yi tsalle da yamma ba za ta yi durƙuso da rana ba. Kunjappan ya kirawo matan da ke share zauren, suka zo da ɓawon kwakwa da bokitai, aka ɗora manyan tukwane a bayan gini. Mutumin da ya saba da sanyin tsauni, mai shekara sittin da huɗu, ya durƙusa a cikin zafin nan mai danshi yana dirzar katako, gumi na ɗiga daga hancinsa yana haɗuwa da kumfa. Matan suna yi masa tsiya da yarensu yana ramawa da namu, ba wanda ya ji wani, kowa na dariya sai shi. Duk inda aka wanke ya bushe, sai ya dawo da takalmin a hannu ya danna. In ya motsa a sake.

Ƙarfe uku katakon ya dusashe, ya yi fari-fari, ya fara kama takalmi. Sai wuri ɗaya. A kusurwar gaba ta hannun dama akwai inda mutanen zauren suke ajiye babbar fitilar tagulla ta man kwakwa da suke kunnawa a buɗe kowane taro, shekara da shekaru. Man ya ɗiga ya shige cikin katakon har ƙasa. Wurin bai fi faɗin dardumar salla ba. Sun wanke shi sau biyar, duk lokacin da ya bushe sai man ya sake tsattsafowa kamar gumi.

Nan ne kuma daidai inda rawar Sezim take ƙarewa. A ƙarshen wasan takan taso daga kusurwar baya, tana juyi a kan tsinin ƙafa ɗaya, ta ratsa dandamali a karkace, juyi sha shida, na ƙarshe ya sauke ta a kusurwar gaba. Burul Eje ta auna da sandarta ta ce sha huɗu za ta yi ta tsaya, a bar kiɗa ya ƙarasa shi kaɗai. Aka ja layi da alli, aka ɗora kwando a kan man, aka kunna kiɗa.

Karo na farko ta wuce layin ta yi fatali da kwandon. Karo na biyu ta sake wucewa, tsinin takalminta ya taɓa bakin man, ƙafar ta zame, abokin rawarta ya cafke ta a ƙugu kafin ta kai ƙasa. Burul Eje ta zauna a kan akwatin kaya ba tare da ta duba ko akwai abin zama a bayanta ba.

Sezim ta ce, "Eje, wallahi na san sha huɗu ne. Ƙafata ce ba ta sani ba."

Wata takwas tana yin sha shida, sau goma a rana. Mai juyi ba ta ganin alli, ba ta ganin kwando. Wuri guda take kafa wa ido a tsayin fuska, kai ya dawo gare shi a kowane juyi, jiki ya bi ido, ƙafa ta bi kiɗa. Emilbek ya ce to a ba wata rawar. Eje ta ce ko wa aka ba, ita ma sha shida ta iya. Ishen Baike ya ce in ra'ayinsa za a bi, a rufe ƙofa a koma gida, ya ga irin wannan sau ɗaya kuma ya ishe shi. Ya faɗi haka bai kalli ƙafar Eje ba. Sezim ta tsuguna ta rungume gwiwoyinta.

Can sai Burul Eje ta ce, "Kwando ba ya magana. Mutum ake so a wurin. Wanda za ta kafa wa ido, ya ƙirga mata, in ta wuce ya tare ta."

Masu rawa sha huɗu kowa da aikinsa. Emilbek shi ke kan kiɗa da fitilu. Ta juyo a hankali.

"Kar ki kalle ni, Eje."

"Wa zan kalla? Ni in na zauna a ƙasa sai an kawo motar ɗaga kaya."

"Ni ba ɗan wasa ba ne."

"Wa ya ce ka yi wasa? Zama za ka yi. Shekara arba'in kana zaune a baranda kana shan shayi ana ba ka albashi, yau ka zauna da hula."

Sai an san mutumin kafin a san abin da ta roƙa. Ishen Baike bai taɓa tsayawa a gaban jama'a ba. Sau biyu aka kira sunansa a taron ƙarshen shekara za a ba shi takardar yabo, sau biyu aka same shi a ɗakin ajiyar katako. Ranar auren 'yarsa da aka miƙa masa makirufo ya sa albarka, ya buɗe baki ba abin da ya fito, ƙanensa ne ya karɓa. Dandamali da labule a rufe gidansa ne. Da labule a buɗe, ya ce shi ramin kabari ya fi masa sauƙin kallo.

Ya dubi man da ke ƙyalli a kusurwa. Ya dubi yarinyar. Ya ce, "Minti nawa?"

"Hamsin. Ba za ka iya shiga a tsakiya ba, ba inda za ka bi. Tun farko za ka zauna."

Sun zo da alkyabbar karammiski da farar hular gashin tumaki da za su yafa wa shugaban bikin, yadda muke yi wa mai masauki. Aka ciro su daga leda aka sa masa. Ƙarfe biyar da minti ashirin da biyar ya tanƙwashe ƙafa a kan man, kamar tsohon makiyayi a ƙofar bukka, ya ɗora hannu a gwiwa. Sezim ta zo wucewa ta tsaya ta ce, "Baike, hannunka rawa yake."

"Ki kula da ƙafarki, 'yata, ki bar mini hannuna."

Aka buɗe labule.

Ya gaya wa Eje daga baya cewa abin da ya fara ji numfashi ne. Duhu ne a gabansa, amma duhun yana numfashi, yana tari, yana kaɗa mafici. Yaran layin gaba ba su fi taku huɗu daga gare shi ba, yana jin suna raɗa. Ya tabbata shi suke nunawa. Ya tabbata kowa ya gane kafinta ne aka sa wa rigar manya. Ya sa ido a kan katako yana ƙirga ƙusoshin da ya bi da hannunsa ɗazu. Fitilu suna gasa masa ƙeya, gumi na bin bayansa a ƙarƙashin karammiski, man kwakwa ya jiƙe masa wando. Wajen minti ashirin ƙafarsa ta hagu ta mutu. Ta dama ta bi ta. Bai motsa ba, don yana tsoron in ya gyara zama ya buɗe gefen man wani yaro ya taka. Duk wanda ya yi tsalle ya sauka kusa da shi sai ya ji a ƙirjinsa. Mutanen zauren kuwa sun yi shiru irin na waɗanda ke ganin abin da ba su san jikin mutum yana iyawa ba, lokacin da 'yan mata shida suka miƙe a kan tsini a tare sai aka ji wata tsohuwa ta ja numfashi da ƙarfi.

Sai kiɗan ya canza. Ya ɗaga kai. Can a kusurwar baya Sezim ta tsaya cikin farar riga, ƙirjinta na hawa da sauka, ta kafa ido a kan hularsa. Ta taso.

Ɗaya, biyu, uku. Yana ƙirgawa a zuci. An shirya cewa a sha biyu zai fara ƙirga mata a fili, a sha huɗu ya ce tsaya. Bakwai, takwas. Fuskarta na zuwa tana tafiya, tana zuwa tana tafiya, kuma ya ga idon ba ya ganin sa, hular kawai yake gani. Kiɗa ya tafi da ita. Goma. Ba ta rage gudu ba. Sha ɗaya. Ya buɗe baki, harshen ya manne a sama kamar ɓawon itace. Sha biyu, ba murya. Ya yi niyyar ya tashi ya tare ta, ƙafafun ba nasa ba ne. Yana jin iskar rigarta. Ya ga ƙafar hagun nan mai tsagewa, ya ga inda za ta sauka.

A sha uku ya ɗaga hannu biyu ya buɗe tafukansu sama, daidai ƙirji, yadda tsofaffinmu ke yi in za su sa albarka. Ya rantse bai yi tunani ba, hannun ne ya tashi.

Duk yaron da ya girma a ƙauye ya san wannan kafin ya san sunansa. Ko kana gudu, ko kana kuka, ko kana da nama a baki, in dattijo ya buɗe tafi sai ka tsaya ka buɗe naka. Sezim ta koyi wannan shekara goma kafin ta koyi juyi. A sha huɗu ta sauka a kan gwiwa ɗaya, taƙi guda daga bakin man, ta buɗe tafukanta a gabansa. Sauran kiɗan ya wuce ta kansu suna haka, tsoho da yarinya, hawaye na bin fuskarsa yana shiga gemu. Ya shafa fuska, ta shafa. Fitilu suka mutu.

Likitar ta ce ba ta taɓa jin an yi tafi irin na ranar a zauren ba. Mutane suka miƙe tsaye. Bayan an tashi iyaye mata sun yi layi da 'ya'yansu suna roƙon a bar su su taɓa takalmin, su ga ko da ƙarfe a ciki. Wani malami ya ce duk wasan ya burge shi, amma tsohon nan da bai motsa ba har ƙarshe, shi ne babban gwani.

Shi babban gwanin bai ji wannan ba. Da labule ya rufe yara suka ruga gaba suna gaisuwa, ba wanda ya tuna da shi na ɗan lokaci. Ya dafa ƙasa ya yunƙura da ƙafafun da ba ya ji, ya kafa ta dama a kan man. Kunjappan ne kaɗai ya gani. Ishen Baike ya tashi sama ya faɗo a kan kwatangwalo, kuma Burul Eje da ke tsaye a gefen labule ta ce ta san ƙarar nan tun kafin ta juya. Ta jefar da sanda ta rarrafo wurinsa. Yana kwance fuska ta yi toka, hular ta gangare gefe.

Ya ce, "Kin gani, Eje? Na gaya muku wurin nan ba kyau."

Ta ce, "Rufe mini baki, mai buta," tana riƙe da kansa tana kuka.

Ƙashin ya karye gida biyu. Kwana sha ɗaya ya yi a asibitin garin, Kunjappan yana kawo masa shinkafa da kifi kowace rana yana zama a gefen gado ba mai jin maganar wani. A keken guragu aka sauko da shi daga jirgi. Yanzu yana takawa da sanda, amma ba zai ƙara durƙuso ba, kuma aikinsa rabinsa durƙuso ne.

Na je gidansa makon jiya. Na karanta masa farkon wannan rubutu, ya saurara yana kallon taga. Ya ce in cire yabon. Ya ce, "Ka rubuta cewa yarinyar ta tsaya a sha huɗu. Sauran surutu ne." Ban cire ba, Baike, ka yafe mini.

Kai ne ka ji tsoro shekara talatin da biyu, ba ka bar tsoron ya kore ka daga ɗakin ba. Kai ne ka fi kowa sanin abin da wurin nan zai yi wa ƙashin mutum, ka je ka zauna a kai. An gayyace su ƙasashe uku a baɗi saboda yammacin nan, za a buga sunayensu a manyan takardu da yarukan da ba mu iya karantawa ba, naka ba zai fito ba. To ga shi nan na rubuta. Mun gode, Ishen Baike. Sezim ta gode, uwarta a Narin ta gode, ta aiko maka da rabin tunkiya ba ta san yadda za ta faɗa da baki ba.

Abin da ke hana ni sukuni shi ne har yau ba a sami wanda zai karɓe shi ba. Kowa yana so ɗansa ya yi rawa, ba wanda yake so ɗansa ya duba katako. A watan huɗu yaran nan za su sake shiga jirgi, za su taka dandamalin da ba wanda ya san abin da aka shafa masa. In kai kafinta ne, ko kana da hannu da haƙuri kuma zuciyarka tana faɗuwa in ka ga ɗan wani zai faɗi, je ka same shi. Gidansa na bayan tashar jirgin ƙasa, mai koren ƙyaure. Ya ce zai koyar da duk wanda ya zo, kyauta, amma a zo kafin watan huɗu.